Yadda Mai Shago Zai Biya Haraji Ba Tare da An Cuce Shi Ba

Na yi aikin karɓar kuɗin shiga a ƙananan hukumomin ƙasar Daura har na yi ritaya. Na yanka rasit a kasuwa, na zauna teburin da ake haɗa lissafi da yamma, na kuma raka kuɗi wurin kashiya. Tun da sabbin dokokin harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 suka fara aiki a Janairun 2026, tambayoyi sun yi mini yawa. Wannan ya ce, "Baba, wai yanzu ko kuɗi aka turo mini a banki sai an cire haraji?" Wancan ya ce, "Malam, mutanen da suka zo jiya suka ce za su rufe mini shago, na wace hukuma ne?" Ta farkon amsarta gajera ce: dokar ba ta ɗora haraji a kan kuɗi don kawai sun shiga asusunka ba, kuma Naira 50 da ake cirewa idan an tura Naira 10,000 ko fiye ta riga sabuwar dokar. Ta biyun ce ke buƙatar zama, don a nan ake cutar ƙananan 'yan kasuwa.

Kafin ka sa hannu a aljihu, ka san kuɗin wa ne

Hannu uku ne doka ta yarda su karɓi kuɗi a wurinka: tarayya, jiha da ƙaramar hukuma. Tarayya na karɓar harajin kamfanoni, harajin VAT da ake ɗorawa a kan kayan da aka saya, da kuɗin kwastan, kuma hukumarta da muka sani da FIRS yanzu NRS ake ce mata. Idan ba kamfani ka yi wa rajista ba, da wuya ka gan su a ƙofar shagonka. Mutane da yawa na ruɗewa a nan. Rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba ta mayar da kai kamfani, don haka harajin ribarka na jiha ne, jihar da kake zaune. Mutumin da ke zaune a Sabon Garin Daura yana saro kaya a Kantin Kwari da ke Kano, Katsina zai biya, Kano ba ta da haƙƙi a ribarsa.

Jiha ce ke da harajin abin da mutum ya samu, na mai albashi da na mai sana'a. Ita ce ke da lasisin mota da lamba, da kuɗin rajistar wurin kasuwanci, da kuɗin filaye a cikin birni. Mai karɓar mata ita ce Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Katsina.

Abin da ya rage, wanda kuma shi ne muke cin karo da shi kullum, na ƙaramar hukuma ne. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta kasuwanni, tashoshin mota, kwata, bayan gidan jama'a, kwashe shara, lasisin keke da baro da amalanke da kura, kula da shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi, da allunan talla. Dokar 1998 da ta jera harajin kowane mataki ta ƙara wani bayani mai amfani: kuɗin kasuwa na ƙaramar hukuma ne, sai fa kasuwar da jiha ta zuba kuɗinta a ciki. Saboda haka idan mutum biyu suka zo maka a mako guda, ɗaya daga jiha ɗaya daga sakatariya, kowa na neman kuɗin rumfa ɗaya, kana da ikon cewa su je su daidaita tukuna.

Duk wanda ya tsaya a gabanka da littafin rasit, ka gaishe shi da mutunci, sannan ka nemi katin aikinsa, sunan kuɗin da yake karɓa, da jadawalin da ya nuna adadin. Ma'aikacin gaskiya ba ya jin haushin wannan, mu da muka yi aikin mun saba. Wanda ya fara ɗaga murya da zarar ka ce ya nuna kati, ya riga ya ba ka amsa.

Kuɗin ƙungiya dabam ne. Abin da kuke tarawa don mai gadi, ko janareta, ko taimakon wanda gobara ta shafa, yarjejeniya ce tsakaninku, a wurin shugabanninku za ku nemi lissafinsa. La'adar dillali a kara ma haka. Kada wani ya haɗa maka su a rasit ɗaya da na hukuma.

Rasit

A nan nake so in daɗe, don na ga yadda kuɗi ke ɓacewa tsakanin kasuwa da baitulmali.

Rasit na gaskiya yana ɗauke da sunan hukumar a buge, da lamba wadda inji ya buga tun daga maɗaba'a. Lambar da aka rubuta da biro ba lamba ba ce. Sai sunanka, irin kuɗin da ka biya, adadin a lamba da kuma a kalmomi, kwanan wata da sa hannu. Tikitin kullum na masu tebur da masu talla yakan zo da kuɗinsa a buge, don haka idan an buga Naira 100 aka ce ka ba da 200, ɗari ɗaya ba ta isa ko'ina sai aljihu.

Ka tsaya ka ga an rubuta a gabanka, ka kuma lura ko akwai kabon a ƙarƙashin takardar. A wata ƙaramar hukuma da na yi aiki an kama wani da ke zare kabon ɗin. Yakan rubuta wa mai shago Naira 2,000 a ta sama, in ya koma gida ya cike ta ƙasa da Naira 500. Mai binciken kuɗi ta ƙasan yake gani, kuma lissafinta daidai yake fita. Abin da ya tona shi wani tela ne da ya kawo rasit ɗinsa ofis kan wata magana dabam, aka gwada lambar da kwafin da ke littafi.

Akwai kuma tayin da kowa ya sani: "Alhaji, kawo rabi kawai, ba sai an yanka ba." Mutum yakan ga kamar ya samu sauƙi. Bayan wata biyu wata tawagar ta zo, ta duba rajista, ta ga sunanka a cikin masu bashi, ka sake biya cikakke, wani lokaci har da tara. Wanda ya karɓi rabin ba zai tsaya maka shaida ba. Ga kuma babbar asarar: kasuwarku za ta fito a takarda a matsayin wadda ba ta kawo komai, ranar da kuka je neman a gyara muku magudanar ruwa da wannan takardar za a amsa muku.

Idan kuɗin mai kauri ne, kamar na shekara, ka biya ta banki. Ka karanta sunan asusun kafin ka tura. Sunan gwamnatin jiha ko na ƙaramar hukuma ya kamata ka gani. Da ka ga sunan mutum, tsaya, ko da kuwa ka san shi ka san gidansu. Haka ma takardar da na'urar POS ta fitar, ka duba sunan da ke samanta. Takardar banki kuma shaida ce cewa kuɗi sun fita daga hannunka, sai ka kai ta ofis a ba ka rasit ɗin hukuma kafin magana ta cika.

Takardun POS suna gogewa, musamman a zafin bazara irin namu, wata uku sai ka ga fara fat. Ka ɗauke su hoto a waya ranar da aka ba ka. Asalin rasit ɗin ka ajiye a gida cikin jaka guda, kada ka bar su a shago. Gobarar da ta ci Babbar Kasuwar Katsina a watan Maris na 2021 ta isa ta koya mana cewa takardar da ke cikin rumfa tare da kaya take tafiya. Ka riƙe su shekara shida, domin hukumar haraji na iya waiwayar lissafinka har tsawon haka.

Harajin riba, da littafin da zai cece ka

Babban kuskuren da nake ji shi ne mutum ya ɗauka a kan cinikinsa za a yanka masa haraji. A kan riba ake yankawa, bayan an fitar da kuɗin saro kaya da ɗawainiyar kasuwancin. A sabuwar doka Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin 100, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka yake hawa har ya tsaya a kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Mai zaman gidan haya kuma ana rage masa kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar shekara daga abin da za a lissafa, amma ragin ba ya wuce Naira 500,000.

Ga misali, da lambobin da na zaɓa don sauƙin lissafi. Mai kayan masarufi ya yi cinikin Naira miliyan 9 a shekara. Kayan da ya sayar ya saro su a miliyan 7.2. Hayar shago, kuɗin mota daga Kano, dako, wuta da albashin yaron shago sun ci Naira 600,000. Ribarsa miliyan 1.2 ke nan. Yana biyan hayar gida Naira 200,000, sai a rage masa 40,000, saura 1,160,000. A fitar da 800,000 da babu haraji a kansu, saura 360,000. Kashi 15 cikin 100 na wannan shi ne Naira 54,000 a shekara, wato 4,500 a wata.

Yanzu ɗauki mutumin nan ba shi da littafi. Jami'i zai zo ya leƙa shagon, ya ga buhunan shinkafa da katan-katan na taliya har rufi, ya kintata. Doka ta ba shi wannan damar idan babu lissafi a rubuce. Bai san rabin kayan bashi ka ɗauko daga babban dila ba, bai san a buhu ɗaya ribarka ba ta taka kara ta karya ba. Kintacen yakan fi gaskiya nauyi, kuma ba ka da abin da za ka musa da shi.

Littafin nan ba ya buƙatar akanta. Babban littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa. Shafin dama ka riƙa rubuta cinikin kowace rana kafin ka rufe shago, shafin hagu abin da ya fita, saro da dako da haya, kana manna takardun dila a baya. Bashin da ka bayar da wanda ake bin ka su samu nasu shafin. Kuɗin cefane da kake zara daga durowa ka rubuta shi ma, amma ka sani ba ya cikin ɗawainiyar kasuwanci, daga ribarka yake fita. Wanda boko bai zauna masa ba ya rubuta da ajami, ko ɗansa ya riƙa rubuta masa da dare. Kuma mafi yawanmu muna ƙidaya kayan shago sau ɗaya a shekara don fitar da zakka. Wannan ƙidayar ita ce rabin aikin, sai dai a riƙa rubuta ta da kwanan wata maimakon a bar ta a ka. Zakka dai haƙƙin Allah ce, fitar da ita ba ya sauke harajin gwamnati.

Ka raba asusun banki na shago da na gida. Idan kuɗin adashin matarka, gudunmawar biki da aiken ɗan'uwanka daga Legas duk suna shiga asusu ɗaya da ciniki, kai ne za ka sha wahalar bambance su ranar da aka tambaye ka.

Ke ma Hajiya mai ɗinki ko mai ƙuli-ƙuli a cikin gida, lissafin ɗaya ne. Idan ribarki ta shekara ba ta kai Naira 800,000 ba, babu harajin riba a kanki. Malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da ke da shago a gefe kuwa, albashi da ribar shago haɗa su ake yi, rangwamen 800,000 sau ɗaya ake cin sa.

Kafin ƙarshen Maris na kowace shekara ake kai bayanin abin da aka samu a shekarar da ta wuce. Lambar NIN ɗinka yanzu ita ce lambar harajinka, ka tafi da ita ofishin hukumar da ke kusa da kai, da littafin da jakar rasit. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ka faɗi cinikinka yadda yake, don wanda ya rage ciniki ya bar kuɗin saro cikakke, lissafinsa da kansa zai ƙaryata shi. Ko lissafi ya nuna babu abin da za ka biya, ka kai bayanin. Da shi ake samun takardar shaidar biyan haraji mai nuna shekara uku baya, wadda za a nema a wurinka ranar neman takardar fili, kwangila ko tsayawa takara.

Idan an yanka maka abin da ya fi ƙarfinka

Kwana 30 kake da su daga ranar da takardar ta iso hannunka. Ka rubuta ƙorafi, ka faɗi adadin da aka yanka, adadin da kake ganin shi ne daidai, da dalilinka, ka haɗa da hoton shafukan littafi. Ka yi kwafi biyu, a buga hatimin karɓa a kan naka. Magana ta baki, ko aika wani babba ya yi maka roƙo, ba ta tsayar da kwanakin nan, kuma da sun cika ba ka rubuta ba adadin ya zauna. Idan hukumar ta ƙi sauya matsayi akwai kotun ƙararrakin haraji, ta shiyyarmu tana zama a Kaduna. Sabuwar dokar ta kuma kafa ofishi na musamman mai sauraron koken masu biyan haraji.

In aka garƙame maka shago, kada ka ɓalle kwaɗon. Ka nemi takardar da aka dogara da ita, ka tafi ofis tare da sarkin kasuwa ko shugaban ƙungiyarku.

Masu dabbobi da hatsi da ke tasowa daga kasuwar Mai'adua ran Lahadi su ne suka fi kuka da masu igiya da gungume a hanya. Dokar 1998 ta hana kowa, har da hukumar haraji kanta, datse hanya don karɓar haraji, ta kuma sa tarar Naira 50,000 ko ɗaurin shekara uku, ko duka biyun. Kwastan da jami'an tsaro a hanyar Kwangwalam aikinsu dabam ne. Ban ce direba ya tsaya rigima da dare da mota cike da shanu ba. Ya karɓi duk takardar da aka ba shi, ya riƙe wurin da lokacin, ƙungiya ta tara irin waɗannan takardu ta kai ƙara a rubuce. Takarda hamsin daga wuri ɗaya ba ta musuwa.

Bin sawun kuɗin

Mu mutanen wannan yanki ba baƙin lissafin hukuma ba ne. A Katsina aka fara kafa baitulmalin En'e a Arewa, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Iyayenmu kuma sun sha azabar haraji da jangali, har Gwamna Balarabe Musa ya soke su a 1979, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Sokewar daidai ce, wanda ya ga yadda ake shanya magidanci a rana kan kuɗin da ba shi da su ba zai so abin ya dawo ba. Amma tun da kuɗin mai ya zama shi ke riƙe da ƙananan hukumomi, mutane suka ɗauka dukiyar sakatariya ta Abuja ce, suka daina tambaya. Wannan ya yi mana illa ƙwarai.

Daga asusun tarayya ƙananan hukumomi 774 na da kashi 20.60 cikin 100, jihohi 26.72, tarayya 52.68. Daga VAT kuma ƙananan hukumomi na da kashi 35, kuma duk wanda ya sayi katin waya ya zuba nasa a ciki. Kowane wata ana raba kuɗin a Abuja, ana kuma wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu da sunanta: Daura, Baure, Zango, Sandamu, Mai'adua da sauran, har cikon 34 ɗin jiharmu. Ofishin Babban Akanta na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna sa shi a intanet. Ka sa wani yaro mai waya ya buɗo maka na ƙaramar hukumarku na wata shida a jere, ka rubuta a bayan littafin shago.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, a daina riƙe shi a asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa a faɗin ƙasar. Shi ya sa tambayar farko ga ciyaman ita ce nawa ne ya iso hannunsa daga abin da aka wallafa. Ka kuma yi masa adalci: albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya a matakin farko na cin babban kaso tun kafin a zo maganar kwalbati.

Kansilan mazaɓarka shi ne ƙofa mafi kusa, ko a Kusugu kake, ko Sarkin Yara, ko Mazoji, ko Ubandawaki. Ciyaman na gabatar da kasafin shekara ga majalisar kansiloli, don haka kansila ya ga takardar. Kada ku je masa da "Ranka ya daɗe, a taimaka mana." Ku je ku biyar ko goma daga layi ɗaya na kasuwa, kowa da jakar rasit ɗinsa, kun riga kun haɗa jimlar abin da layinku ya biya a bara. Ku tambayi nawa kasuwar gaba ɗaya ta kawo a lissafin ma'aji, nawa aka ware mata a kasafin bana, a wane shafi yake. Idan jimlar rasit ɗin layinku kaɗai ta kusa kai abin da aka rubuta wa dukan kasuwar, kun gano inda ramin yake, kuma ciyaman mai son aiki zai gode muku.

Idan baki bai yi ba, ku rubuta. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan takardu ba tare da ya faɗi dalili ba, ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar dokar ta hau kan jihohi ma. Wasiƙar ta zama gajera, zuwa ga sakataren ƙaramar hukuma: sunan kasuwar, shekarar da kuke nufi, da takardu biyu da kuke so, wato jimlar kuɗin da aka tara da shafin kasafin da ya shafe ku. A buga muku hatimin karɓa. Kwana bakwai suka wuce shiru, ku aika ta biyu haɗe da kwafin ta farko, ku kai kwafi ɗaya ga ɗan majalisar jiha mai wakiltar ku, ɗaya kuma ofishin Babban Mai Binciken Kuɗin Ƙananan Hukumomi a Katsina.